Fankar da ke Cikin Kaka

Zuwa ga Gwaggona ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da in aka ɗora ta a motar Direba sai tayoyin sun lotsa. Ya aiki, ya ƙarar injinan saƙar nan naku da suka cinye miki kunne? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Kada ki wahalar da kanki da kiran wayar Kaka, tana nan gunduwa-gunduwa cikin gwangwani tun ranar da ya ce zai gyara ta.

Kaka ya iso lafiya. Direba ya sauke shi a ƙofar shago, ya miƙo mini ledar magani da takardarki. Gwaggo, da ƙyar na gane tsohon nan. Mutumin da ya tafi wurinki ziyara da tumbinsa a gaba, shi ne ya dawo yana riƙe wando da hannu. Na ce, "Tsoho, ina ka baro rabinka?" Ya ce, "Noti, asibiti na ba aro." Kin ji, ciwo bai hana shi kirana Noti ba, wai na kaina a kwance yake.

Ya ba ni labarin yadda abin ya kama shi a gidanki. Ya ce kamar an soka masa sukudireba a ƙasan ƙirji ta ɓulla ta baya, ga amai, ba dama ya miƙe sai dai ya duƙa. Ya ce a asibiti an shafa masa wani abu mai sanyi a ciki, aka goga wata na'ura, sai ga cikinsa a talabijin. Gwaggo, don Allah da gaske ne? Mutum yana raye, idonsa biyu, yana kallon kayan cikinsa suna motsi? Subhanallahi! Ni da na ɗauka ba mai ganin wannan sai mahauci. Na tambaye shi me ya kumbura, ya ce sunan ya fara da fanka, sauran ya manta. Na ce fanka a cikin mutum? Tun kafin a haife ni yake gyaran fankokin jama'a, ashe akwai tasa a ɓoye ba wanda ya taɓa share mata ƙura. Ya ce, "Bari kawai, duk fankar da ka ji tana kuka, mai take nema."

Takardarki na karanta. Kin san bokon nawa na jikin kwalaye ne da allunan shaguna, amma na bi ta harafi-harafi da yatsa kamar ina gaban Malam. Magani safe da yamma, na gane. Ya riƙa shan ruwa sosai, na gane. Sai wurin da kika ja wa layi har biyu: a rage mai abinci. Ashe biro ma yana in'ina? Kin rubuta "a" biyu a jere, wai "a abinci". Na yi dariya har Kaka ya ce mene ne. Na karanta masa, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "To, tunda haka ta ce."

Na kuwa rage mai. Rabin kwanonsa nake zuba masa, in ya miƙo a ƙara sai in ce Gwaggo na kallonka. Amma na tausaya masa. Na ce tunda kaɗan ne, bari ya zama mai riƙe ciki. Ina soya masa nama da kitsensa, shinkafar kuma in kwarara mata man shanu har sai na hango fuskata a ciki. Yana ci yana lashe yatsu yana sa mini albarka. Tunda nake da shi bai taɓa sa mini albarka a jere haka ba.

Ki gaida matan wurin aikinku, ki ce musu har yanzu ban yi aure ba.

Naki,
Noti

*

Zuwa ga ɗana Noti,

Wa'alaikumus salam. Na amsa gaisuwarka, tayoyin Direba kuma ba abin da ya same su. Ina lafiya, sai ciwon baya na tsayuwa. Na gode wa Allah da Baba ya isa lafiya, kai kuma Allah ya yi maka albarka da kake kula da shi.

Na karanta wa mata takardarka a lokacin hutu, wata har ta ƙware da ruwa. Wadda ke kusa da injina ta ce in tambaye ka ko kana son bazawara mai jikoki.

Ba fanka ba ce, shashasha. Likita ta ce sunanta fankiriyas. Wata 'yar tsoka ce a kwance bayan tumbi, ita ke tsatso ruwan da ke narkar da abin da muka ci. In ta kumbura, ruwan nan sai ya juya ya riƙa cin ta ita kanta. Zancen talabijin gaskiya ne, ina tsaye aka yi, na gani da idona. Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan: likita ta ce ciwon yana iya dawowa, kuma in ya dawo ba lallai a yi sa'a irin ta farko ba. Uwarmu ta tafi, babanka ya tafi. Tsohon nan shi ya rage mana, ni da kai.

Zancen kitse da man shanu kuwa, da in'inar biro, ya ba ni dariya har da hawaye. Allah ya shirye ka. Ka ɗauka na manta lokacin da ka rubuto mini cewa Baba zai auri mai sayar da burodi, har na ɗaure kaya zan taho? Wannan karon ba ka samu ba. Ka dai riƙe abin da na ja wa layi. Ko ya yi maka magiya, ko ya zage ka, kada ka sassauta. Na san halinsa, bakinsa ya fi zuma zaƙi in yana son abu.

Ka ce masa 'yarsa na gaishe shi, kuma ya bar ɗaga manyan fankokin nan shi kaɗai.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan bayan ya yi sauƙi. Ki ce wa bazawarar na amince, in jikokin za su riƙa yi mini wanki.

Tun da na karanta abin da kika ce game da 'yar tsokar nan na kasa cire ta a raina. Ruwan da ke narkar da naman sa, yana zaune a cikin nama, kuma bai narkar da shi ba? Shekara da shekaru? Wa ya ce masa ci wannan, bar wancan? Na tuna Malam yana yawan ce mana mutum ya duba jikinsa ma ya ishe shi wa'azi. A lokacin ni ƙafar na kusa da ni nake ɗaure wa da igiya, ban saurara ba.

Na kasa haƙuri, na je wurin Mahauci na bakin layinmu na ce ya nuna mini ita. Ya ce shi bai san wata fanka ba. Muka yi ta tona kayan cikin rago, ya ɗaga tumbi, sai ga wata aba fara-fara, laushi kamar za ta narke a hannu, doguwa kamar harshe. Ya ce, "Wannan? Ai ko sunanta ba a tambaya, cikin tarkace take tafiya." Na riƙe ta a tafin hannuna. Gwaggo, ko nauyin kirki ba ta da shi. Wai wannan ce ta durƙusar da mutumin da ke saɓa fankar masana'anta a kafaɗa. Tsarki ya tabbata ga wanda ya ɓoye rai a cikin abin da ba a tambayar sunansa. Mahauci ya ga na yi tsit, abin da bai saba gani ba, sai ya naɗe mini kitsen wutsiya a takarda ya ce in kai wa tsoho ya ji ƙarfin jiki. Na soya masa da ƙwai.

Yanzu ga maganar da ta sa na rubuto. Ban sassauta ba, kamar yadda kika ce. Har ƙara rage mai na yi, yanzu bai fi cikin ludayi biyu ba, man dai ne ban taɓa ba don kada ya sume mini. Amma jikin nan ba ya dawowa. In ya ci, ba a jimawa sai in ga ya ajiye filaya, ya kifa ƙirji a kan tebur, gumi na tsattsafo masa. In na ce me ya faru sai ya ce noti ne ya faɗi yake nema. Wane noti ake nema da ido a rufe? Fankokin mutane sun taru a shago har ba wurin taka ƙafa, masu su na zuwa suna komawa.

Wallahi tallahi, Gwaggo, yadda kika rubuta haka nake yi, ban ƙara ba ban rage ba. In ƙara rage abincin ne, ko in ƙara man? Ki amsa mini da wannan zuwan na Direba.

Noti

*

Noti,

Gaisuwa a taƙaice.

Duk shaƙiyancinka ba ka taɓa haɗa ƙarya da wallahi ba. Da na kai kan rantsuwar nan sai na koma na ɗauko takardarka ta farko na sake karantawa, na zauna a ƙasa. Ashe ba wasa kake ba. Innalillahi.

Biro bai yi in'ina ba. MAI nake nufi, man girki, man shanu, kitse, duk wani maiƙo. A rage MAI a cikin abinci. Ba abincin za ka rage masa ba. Man ne ke sa abar nan aiki fiye da ƙarfinta. Ka sauke kaskon suya yanzu-yanzu. Ka dafa masa da ruwa, ka ba shi ya ƙoshi. In ya sake kifa ƙirji ko ya yi amai, kada ka tsaya tambayarsa, ka nemi mota ku tafi asibiti.

Na nemi izinin tafiya a wurin aiki, sun ce sai mai canjina ta dawo daga haihuwa. Na roƙi Direba ya ba ka wannan hannu da hannu. Ka amsa mini ko da layi ɗaya ne.

Gwaggonka

*

Noti,

Shiru. Na je tasha har ƙafata ta san hanya. Sun ce motar Direba ta lalace a hanya, yana can yana jiran kayan gyara, ba wanda ya san ko takardata ta isa. Na ba wani direban wannan, ban san shi ba, na dai kwatanta masa shagon mai fankoki a rataye.

In kana raye ka rubuto. In fushi kake da ni, ka yi fushin a takarda. Ina tsaye gaban inji zare na tsinkewa ban gani ba, har an yi mini magana.

Gwaggonka

*

Gwaggo,

Sallama. Kafin komai: yana raye. Ki sha ruwa, ki zauna, sannan ki ci gaba.

A kan bencin asibiti nake rubuta wannan, a kan gwiwata, ki yi haƙuri da karkacewar layi. Takardunki biyu tare suka iso jiya, direban da kika ba ta biyun ya karɓo ta farkon daga hannun Direba a hanya, Mahauci ya kawo mini su nan. Da ta farkon ta zo a kan lokaci, da wataƙila ba mu zo nan ba. Amma Allah bai nufa ba.

Bayan azahar abin ya faru. Ya gama cin abincin rana, yana kwance wata fankar tebur, sai na ji sukudireba ta faɗi. Na waiwaya na gan shi a durƙushe, goshinsa a jikin ƙafar tebur, yana wani nishi da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Na ce, "Tsoho, notin ne kuma?" Bai zage ni ba. Da bai zage ni ba na san magana ta ɓaci. Mahauci ya bar namansa a buɗe, muka ɗauke shi zuwa mota.

Sun sa masa ruwa a hannu, sun yi masa allurar kashe zafi, sun hana shi ci har sai cikin ya lafa. Na ga talabijin ɗin da idona. Ni dai hazo na gani yana motsi, likita na nuna wani wuri yana cewa ga ta nan ta kumbura. Amma ba wannan ne babban abin ba.

Da suka ɗebi jininsa, bayan an jima likita ya kira ni ya ɗaga kwalbar a gaban taga. Gwaggo, ƙasan ja ne kamar na kowa. Saman kuwa fari fat, kamar madarar da ta kwana ta yi kirim. Ya ɗaga ta wani majinyaci kusa da ita, saman waccan garau kamar shayi marar kauri. Ya ce, "Ka ga farin nan? Maiƙo ne, a cikin jini yake yawo." Man da na zuba da hannuna a kasko, ya bi ta baki, ya shiga inda ba hannun da ke kaiwa, ga shi ya fito yana kallona ta cikin kwalba. Ban san lokacin da na ce Allahu Akbar da ƙarfi ba, har wata nas ta leƙo.

Ya tambaye ni me yake ci. Na faɗa masa duka, har kitsen wutsiya. Na ce umarni nake bi, na zaro takardarki da ta zo da magani daga aljihu don in wanke kaina. Ya karanta a fili, a hankali: "A rage mai, a abinci." Ya ɗan tsaya tsakanin kalmomin. Wannan 'yar tsayawar, Gwaggo. Na ji ta kamar an mare ni.

Malam ya sha karya bulala a bayana saboda harafi ɗaya. In na haɗiye alif a karatu sai ya ce, "Koma ka ɗauko shi, ba kai ka ajiye shi a nan ba." Ni a ganina tsabar mugunta ce. Sai ga shi na tarar da harafi a zaune a wurinsa, na yi masa dariya, na tsallake shi, ya kusa tafiya da kakana.

Likitan bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce jikin Kaka dama irin mai tara maiƙo ne a jini, ba girkina kaɗai ba ne, amma girkin ya ƙara wa wuta itace. Ya ce rage mai ba alkawari ba ne cewa ciwon ba zai dawo ba, sai an haɗa da magani da dawowa gwaji, amma shi ne abin da ke hannunmu. Ba a so a yi masa horon yunwa. Ya ci kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, dafaffe ko gasasshe, kifi, kaza ba fata, wake, ganye. Ya rage kayan zaƙi ma. Mai kuwa ɗan kaɗan, ba a hana gaba ɗaya ba.

Saura ki ji ƙarshen. Da Kaka ya dawo hayyacinsa na zauna kusa da shi na ce ya yafe mini. Ya juya ido ya ce, "Yafe me? Ai ina zaune likitar can ta faɗa wa gwaggonka. Da kunnena na ji." Na ce, "Ka sani? Kana ji na karanta ba daidai ba ka yi shiru?" Ya ce, "An ba ni zaɓi tsakanin kwano cike da dafaffen ruwa da ludayi biyu na abincin mutane. Kai da wanne za ka ɗauka?" Gwaggo, ina ta yawo da sunan shaƙiyyi a gidan nan, ashe ni ɗan koyo ne.

Noti

*

Ɗana,

Alhamdulillahi, alhamdulillahi. Na yi kuka a tasha gaban mutane ban ji kunya ba. Ina lafiya yanzu da na ji.

Kada ka ɗauki kayan nan kai kaɗai. Ka faɗa mini gaskiya tun a takardar farko, baƙi a kan fari, ni kuma na karanta wa mata muna dariya. Kai ka tsallake harafi ɗaya, ni na tsallake takarda guda. Mu bar shi a nan.

Abin da ke damuna shi ne Baba. Harafin mun gano shi, amma mutumin da ya ji da kunnensa ya yi shiru fa? Gobe ka fita sayen waya ko fulogi, zai aika a sayo masa soyayye. Na yi tunanin in rufe shagon in ɗauko shi ya zauna a ɗakina inda idona zai kai. Na san in na raba shi da fankokinsa kamar na cire masa wuta ne, kai ma kuma ban san inda za ka ba. Amma gara in gan shi yana fushi da ni da in ji labari a bakin Direba.

Don haka ina tambayarka, kuma ba wasa: za ka iya da shi? Ba girkin nake nufi ba. Shi nake nufi. In ba za ka iya ba ka faɗa mini, ba abin kunya ba ne. Mai canjina na dawowa zan taho, kuma amsarka ce za ta sa in zo da jaka ɗaya ko da buhunan kwashe kaya.

Gwaggonka

*

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Gaisuwa dafaffiya, ba suya, ba maiƙo. Na ji Direba ya samu kayan gyara, Allah ya sa ya sa wa motar mai daidai misali. Na jinkirta amsa da gangan, don ban so in ce miki zan iya kafin in gwada.

Da muka dawo gida yaƙi aka yi. Na dafa kifi da ganye na ajiye masa, ya leƙa kwanon ya ce, "Wannan kifin bai san ya mutu ba, har yanzu a ruwa yake." Na gasa kaza na cire fatar, ya ce na yi wa baiwar Allah tsirara. Kullum maganar ɗaya ce: inji ba ya tafiya ba mai, fanka ba ta juyawa ba mai. Na kama shi ya kira wani yaro ta taga yana nuna masa wurin mai suya. Na roƙe shi, na yi fushi, na ambaci sunanki, na tuna masa kwalbar jini. Ya ce shi bai ga wata kwalba ba, barci yake. Gaskiya na fara lissafin buhuna nawa fankokin nan za su ci.

Sai na ce, Noti, kai da wa'azi ina kuka haɗu? Yi abin da ka iya.

Akwai wata tsohuwar fanka a ƙarƙashin tebur da mai ita ya bar mana. Na buɗe ta a ɓoye na ɗura mata baƙin mai har ta ƙoshi, na barbaɗa mata ƙura, na kunna ta har ta fara wari. Na kai wa Mahauci na ce ya kawo gyara kamar tasa ce. Ya shigo da fuskar tausayi ya ce, "Baba, kuka take, na sa mata mai, ta ƙara kuka, na ƙara mata, yanzu ta tsaya."

Kaka ya kwance murfin, mai ya dalalo masa a hannu. Gwaggo, da kin ga tashin tsohon nan! Ƙarfin da na ɗauka ya bari a asibiti duk ya dawo. "Kai mahauci ne ko makashi? Wa ya ce maka wanka ake yi mata? Ɗigo biyu! Ɗigo biyu a kan ƙarfen, shi ke nan! In ya yi yawa ƙura yake kamawa, ya toshe ta, ta yi zafi ta ƙone kanta da kanta. Mai yana raya fanka, mai yana kashe fanka, ya danganta da hannun mai zubawa!"

Ni ina gefe ina shara. Na yi tari ɗan kaɗan. Na ce, "Ta ƙone kanta da kanta, ko Tsoho?"

Mahauci ya tuna ya bar nama a buɗe, ya sulale. Kaka ya daɗe yana kallon man da ke tafin hannunsa. Can ya ce, "Wannan fankar na san ta. Kuma na san hannun da ya yi mata haka." Na ce ni ban san komai ba. Ya ce, "Rantse." Na ci gaba da shara.

Da la'asar ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya ɗauko 'yar butar mai ɗin nan mai dogon baki siriri, sabuwa fil da bai taɓa zuba mata komai ba. Ya wanke ta da ruwan zafi da kansa, ya cika ta da man girki, ya ajiye kusa da murhu. Ya ce, "Daga yau da wannan za ka zuba. Kuma ni zan ƙirga." Yanzu in ina girki yana tsaye a kaina da tabarau, in hannuna ya zarce ya buge shi. Shi da ake gadi ya zama mai gadi. Har yanzu yana zagin kifin, amma yana cinyewa, wandon ma ya fara zama da kansa.

Mun koma gwaji. Na roƙi likita ya ɗaga mini kwalbar a gaban taga kamar wancan karon. Farin ya tafi, Gwaggo. Saman garau, har ina hango bishiyar da ke waje ta cikinsa. Na kira Kaka na ce zo ka ga jininka da idonka, yau ba barci kake ba. Ya zo ya tsaya, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Likita ya ce a ci gaba da magani, a dawo kuma, ba a gama ba. Mun ce to.

Don haka ki zo da jaka ɗaya. In kin ga dama ki sako bazawarar a ciki.

Takardarki ta farko na manna ta a bango saman murhu. Na zagaye "a" ɗin nan da jan biro. Kullum kafin in ɗora tukunya sai na gaishe shi, na ce ina kwana, ranka ya daɗe, ka tashi lafiya? Kaka ya ce notin nawa ya ƙarasa kwancewa. Amma shekaranjiya na shigo da ruwa na tarar da shi tsaye a gaban bangon, ya ɗaga wa harafin hula.

Naki,
Noti